Kujerar Magajin Gari: Hawa da Saukar Jibo Bakari, da Abin da Ya Shafe Mu a Kanambakashe

  

Shafin tarihi na wannan karo zai yi magana a kan kujerar magajin gari, wanda muka saba kira mer, da kuma mutumin da ya fara hawanta da ƙuri'a a ƙasar Nijar, wato Jibo Bakari, magajin garin Yamai na 1956. Wani zai ce ina ruwan Kanambakashe da mer ɗin Yamai? Ruwanmu ta hanya biyu ne. Ta farko, ƙasar Tasawa, wadda muke cikinta a zamanin Nasara, tana cikin wurare biyu da suka tsaya wa jam'iyyarsa ranar da sauran ƙasa ta juya mata baya, kuma aka soke ƙuri'ar tasu. Ta biyu, a 2004 mu ma an kawo mana meri har gida, kuma abin da ya samu kujerar farko bai daina samun na bayanta ba: daga ƙasa ake ba da ita, daga bisa ake karɓe ta. Waiwaye adon tafiya, in ji masu iya magana.

ZAMANIN KUMANDAN

Dattawa sun san yadda mulki yake kafin a zo ga ƙuri'a. Gwamna yana zaune Yamai, tun da aka ɗauke babban birni daga Damagaram a 1926. A ƙarƙashinsa akwai kumandan, a ƙarƙashin kumandan akwai sarakunan kanto, sa'an nan masu gari. Umurni daga bisa yake gangarowa, lampo daga ƙasa yake hawa, talaka kuwa ba a tambayarsa ina aka kai kuɗin. Ko a biranen da aka ce suna da meri, Nasara ne ke riƙe da ita, shi ne kumandan shi ne mer.

Bayan yaƙin duniya na biyu igiya ta soma sassautawa. A 1946 aka hana aikin tilas, aka kuma soke dokar andijena wadda ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ba tare da shari'a ba. A watan Mayu na shekarar aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, a watan Oktoba kuma aka kafa RDA a Bamako, daga baya PPN ta zama reshenta a Nijar. Ranar 18 ga Nuwamba 1955 Faransa ta fito da dokar da ta ce waɗansu manyan garuruwan Afirka za su zaɓi majalisar gari da kansu, baƙi da fari a akwati ɗaya, majalisar kuma ta fid da mer daga cikinta. A Nijar Yamai ce ta samu wannan cikakken matsayi. Aikin meri shi ne kuɗin kasuwa, da sharar gari, da gyaran hanyoyi, da takardun haihuwa da aure da mutuwa, da tsara yadda za a kashe kuɗin gari a shekara. Ƙaramin abu ne a ido, kuma gwamna yana nan yana dubawa daga bisa, amma shi ne karo na farko da ɗan ƙasa zai sa hannu a kan kuɗin jama'a da sunan waɗanda suka zaɓe shi.

MUSHE YA AJE ALLI

An haifi Jibo Bakari a 1922 a Sudure, kusa da Yamai, garin da aka haifi Diori Hamani a 1916. Dangin juna ne su biyun. Jibo Bazabarme ne, amma a Tawa ya tashi wurin ɗan'uwan iyayensa, can ya shiga lakwal, can bakinsa ya kama Hausa, kuma wannan ya yi masa rana daga baya. Ya yi makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransa ke horar da malaman lakwal na Afirka ta Yamma, ya dawo ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. Da siyasa ta kankama ya shiga PPN, a 1947 ya zama babban magatakardanta, ya aje alli.

A 1950 shugaban RDA, Hufet Bwanyi na Kodibuwa, ya yanke ƙawance da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, ya nemi shiri da gwamnatin Nasara. Diori Hamani da Bubu Hama suka bi shi. Jibo ya ƙi, aka raba gari. Da ya rasa jam'iyya sai ya juya wajen mutanen da babu wanda ke kula su: lebura, da direbobi da yaran mota, da magina, da kuku da boyi na gidajen Nasara, da masu ɗinki, da ƙananan ƴan kasuwa. Ya haɗa su cikin sandika, ya koya musu yadda ake kai kuka a tare da yadda ake yajin aiki. A 1954 ya kafa jam'iyyarsa, UDN, amma jama'a ba su riƙe wannan suna ba, sai kirarin da ake yi a taro suka riƙe, wato Sawaba.

Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Tun watan Agusta 1950 NEPU ta ɗaga ta a Kano, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya shugabanta, kuma hanyar Kano zuwa Katsina da Maraɗi, da ta Kano zuwa Damagaram, ba su taɓa rabuwa da fatake da direbobi da almajirai ba. Ƙasarmu kuma ƙasar gyaɗa ce. Manomi ya noma, ya kai sikelin kamfani, a faɗa masa kuɗin da aka yanka a wani wuri, ya karɓa ya biya lampo, abin da ya rage ba ya kai shi bazara. Wanda ke cikin wannan hali in aka ce masa sawaba, ba ya bukatar tafinta. Alamar jam'iyyar raƙumi ce, ta RDA kuwa giwa.

GOMA DA HUƊU SUN FI GOMA SHA UKU

Ranar 18 ga Nuwamba 1956 aka yi zaɓen majalisar garin Yamai. Kujeru 27 ne. RDA ta Diori ta ci 13, jam'iyyar Jibo ta ci 10, sauran 4 suka tafi ga BNA, jam'iyyar da ke da ƴaƴan sarakuna da manyan ma'aikata, wadda shugabanninta su ne Jorj Konda, haifaffen Maraɗi, da Isufu Saidu Zarmakoy na gidan sarautar Doso. Ko yaron da ya fara lissafi ya san 13 ta fi 10. Amma mer daga cikin majalisa ake zaɓensa, kuma BNA ta ɗauki kujerunta 4 ta aza a kan na Jibo, suka zama 14. Da ratar ƙuri'a guda ya zama magajin gari. Daga nan jam'iyyun biyu suka narke suka zama ɗaya, da sunan MSA, ko da yake Sawaba jama'a suka ci gaba da cewa.

Mu lura da wannan lissafi, don duk labarin yana cikinsa. Mutumin da ya yi suna da faɗa da zaluncin kumandan da na sarakuna, da ƙuri'ar ƴaƴan sarakuna ya hau. Kujeru 10 nasa ne, ya same su da gumin shekaru a tashar mota da bakin kasuwa. Kujeru 4 kuwa na aro ne.

A zaɓen na 1956 ne Seku Ture ya zama mer ɗin Konakiri, Modibo Keita na Bamako, Hufet Bwanyi na Abijan, Leyon Mba na Libarbil. Dukansu huɗu sun zama shugabannin ƙasashensu. Jibo tare da su ya hau, shi kuwa bai kai ba.

DAGA MERI ZUWA GWAMNATI

Bai daɗe a kan aikin gari ba babbar ƙofa ta buɗe. Dokar Dafer ta watan Yuni 1956 ta ba kowace ƙasa da ke ƙarƙashin Faransa damar kafa gwamnatin cikin gida. Ranar 31 ga Maris 1957 aka zaɓi majalisar ƙasa, MSA ta ci kujeru 41 daga cikin 60, RDA ta samu 19. A watan Mayu Jibo ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati, gwamna Nasara shi ne shugaba, Jorj Konda kuma ya shugabanci majalisar dokoki. A watan Yuli 1958 aka mai da muƙamin Jibo ya zama shugaban gwamnati. Wata shida ke nan tsakanin kujerar meri da ta gwamnati. Tun ranar farko aka mai da meri tsani, kuma wanda ke bisa tsani idonsa yana sama, ba ya ganin kwata da rumfar kasuwa.

To, ina kujeru 41 suka fito? Kaɗan ne na birni. Mafi yawansu daga karkara suka zo, inda a lokacin mutane suke duban bakin sarki kafin su jefa takarda. Wato aron da aka yi a Yamai shi aka sake yi a ƙasa baki ɗaya. Gwamnati ta tashi da mutane iri biyu a cikinta, masu son a rage ikon sarakuna, da sarakunan kansu. Ba a jima ba tsama ta fito. Gwamnatin Sawaba ta tuɓe waɗansu sarakuna, ta dakatar da waɗansu, sauran kowa ya shafa wa gemunsa ruwa. Ƴan adawar RDA su ma sun ɗanɗana, kuma a watan Afrilu 1958 an yi arangama a Yamai tsakanin magoya bayan raƙumi da na giwa, jini ya zuba. Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta: lokacin da sanda take hannun Jibo, shi ma ya yi duka da ita.

I KO A'A

A watan Yuni 1958 yaƙin Aljeriya ya dawo da Janar Dagol kan mulkin Faransa. Ya aza wa ƙasashen Afirka tambaya guda: ku ce I ku zauna cikin tarayya da Faransa, ko ku ce A'a ku samu ƴanci nan take, Faransa ta janye hannunta da kuɗinta. A taron Kwatano na watan Yuli Jibo yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan ƴanci ba jira, a tsakiyar Satumba kuma Sawaba ta ce A'a za ta yi.

Faransa ba ta ɗauki Nijar da wasa ba. Ƙasar tana da iyaka da Aljeriya inda ake yaƙi, tana da iyaka da Najeriya wadda Ingila ke shirin saki, kuma an fara ganin alamun arzikin da ke ƙarƙashin hamada. A ƙarshen Agusta aka turo sabon gwamna, Kolombani. Ya zagaya wurin sarakuna, ya tuna musu waɗanda aka tuɓe, aka ga motocin soja da jirage a wuraren da ba a saba ganinsu ba, aka tsorata tsofaffin soja da maganar fanshonsu. Isufu Saidu Zarmakoy da Adamu Mayaki suka fice daga tafiyar suka koma kiran I. Masu aro sun zo karɓar kayansu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Kada kuma mu ce duk wanda ya ce I tsoro ne ko kwaɗayi ya sa shi. Akwai waɗanda suka duba suka ga ƙasa ba teku, ba likitoci, ƴan lakwal ƙalilan, gyaɗarmu kuma Faransa ke saye, suka ce a bi sannu. Magana ce mai nauyi, kuma mutanen kirki sun tsaya a ɓangarorin biyu.

Ranar 28 ga Satumba 1958 aka jefa ƙuri'a. Aka ba da sanarwar I ta samu 372,383, A'a ta samu 102,395, kuma kusan mutum biyu cikin uku na waɗanda ke cikin rajista ba su fita ba. Gine kaɗai ta ce A'a, ta samu ƴanci ranar 2 ga Oktoba. Ranar 19 ga Oktoba gwamnatin Jibo ta yi murabus, a watan Nuwamba aka rushe majalisar dokoki.

RANAR DA TASAWA TA TSAYA

Nan ne labarin ya shigo gidanmu. Ranar 14 ga Disamba 1958 aka sake zaɓen majalisa. Haɗakar RDA da waɗanda suka bar Sawaba, mai suna UCFA, ta ci kujeru 49, Sawaba ta tsira da 11. Kujerun nan 11 daga mazaɓu biyu suka fito, Tasawa da Damagaram. Gwamna yana gaba da raƙumi, sarakuna sun juya, iska ta sauya, amma manoman gyaɗa na gabas suka jefa wa wanda suka ga dama.

Abin da ya biyo baya shi ne aka ce an yi ba daidai ba a mazaɓun biyu, aka soke sakamakonsu. Kujerun Tasawa aka miƙa su ga UCFA. A Damagaram aka sake zaɓe a watan Yuni 1959, Sawaba ta ƙaurace, RDA ta kwashe. Majalisa ta wayi gari ba ɗan adawa ko ɗaya. Ranar 18 ga Disamba 1958 Diori Hamani ya riga ya zama shugaban gwamnati. Kujerar merin Yamai ita ma ta fita daga hannun Jibo ta koma ga Bubu Hama na RDA. Ranar 12 ga Oktoba 1959 aka haramta Sawaba baki ɗaya. Ƴancin da aka kayar da Jibo a kansa ya zo ranar 3 ga Agusta 1960, ba a cika shekara biyu ba, shi kuwa yana ƙasar waje.

Mun san a cikin masu karanta takardar nan akwai waɗanda iyayensu raƙumi suka bi, akwai waɗanda giwa suka bi. Ba mu kawo maganar don tone-tone ba. Mun kawo ta don yaranmu su san kakanninsu sun taɓa jefa ƙuri'ar da ta girgiza Yamai, su kuma san ƙuri'ar da ba mai tsaronta ana iya shafe ta da alƙalami guda.

GUDUN HIJIRA DA KASO

Jibo ya zauna Bamako, ya koma Akara wurin Kwame Nkuruma, da aka tuɓe Nkuruma a 1966 ya ƙarasa Konakiri. Da aka toshe hanyar ƙuri'a sai Sawaba ta ɗauki ta bindiga. Aka tura samari horo Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa da Gana. A watan Oktoba 1964 suka shigo ƙungiya-ƙungiya ta kan iyakoki, suna zaton jama'a za su tashi tare da su. Jama'a ba su tashi ba. Aka kama mafi yawansu cikin ƴan makonni, aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin idin babbar salla, aka jefa wa Diori gurneti, ya tsira, wani yaro ya rasu. Kamen da ya biyo baya ya shafi mutane masu yawa, har da waɗanda laifinsu kawai an taɓa ganinsu da katin raƙumi. Shugabanni suna can waje, talakawan da suka ba da ƙuri'a su suka sha gardi da kaso.

Ranar 15 ga Afrilu 1974, bayan farin da ya cinye dabbobi da rumbuna, soja suka kifar da Diori, Seyni Kunce ya hau. Jibo ya dawo gida a shekarar, bisa sharaɗin ba ruwansa da siyasa. A watan Agusta 1975 aka kama shi tare da Kumandan Sani Suna Sido, aka zarge su da shirya juyin mulki. Ya yi shekaru a tsare, sai cikin shekarun 1980 aka sake shi. Wato an yi lokacin da ƴaƴan Sudure biyu, wanda ya kayar da wanda aka kayar, duk suna hannun soja. Duniya rawar ƴan mata, na gaba ya koma baya. Diori ya rasu a Rabat a 1989.

Da aka buɗe siyasa bayan babban taron ƙasa na 1991, Jibo ya sake ɗaga tutar Sawaba, amma jam'iyyar ta rabe biyu, kuma zamani ya wuce. A zaɓen shugaban ƙasa na watan Fabrairu 1993 bai samu biyu cikin ɗari ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998. Daga baya aka sa sunansa ga gadar Farie a kan kogin Isa. Allah ya jiƙan su duka.

KUJERAR BAYANSA

Bayan 1960 jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, zaɓen gari ya zama suna kawai. Gyaran mulki na 1964 ya raba ƙasa jihohi 7, Mayahi ta samu supirefe nata, amma shi ma naɗo shi ake yi. A zamanin Kunce aka farfaɗo da samariya, aka yi aikin gayya mai yawa, magadan gari kuwa gwamnati ke naɗa su. A watan Fabrairu 1999 aka gwada zaɓen ƙananan hukumomi, aka soke sakamako a wurare da dama, rikicin bai lafa ba har aka kashe Shugaba Bare ranar 9 ga Afrilu.

Sai a dokokin 2002 aka yanka ƙasa kwamin 265, aka yi zaɓensu ranar 24 ga Yuli 2004. Mayahi ta samu 8: Mayahi kanta, da Atantane, da Mairairai, da Gidan Amumun, da Isawan, da Sarkin Hausa, da Cake, da tamu Kanambakashe. Tsarin iri ɗaya ne da na 1956. Jama'a su zaɓi konseye a jerin jam'iyya, konseye su zaɓi mer, sarki ya zauna cikin majalisa ya ba da shawara ba ya jefa ƙuri'a, perefe ya duba ko an bi doka. A lokacin konseye suna iya tsige mer, majalisar ministoci ma tana iya sauke shi. Aka sake zaɓe a watan Janairu 2011 da watan Disamba 2020.

Mu koma Yamai mu ga kujerar Jibo a wannan zamani. A 2011 aka zaɓi Umaru Dogari na jam'iyyar Lumana. A watan Agusta 2013 jam'iyyarsa ta fice daga ƙawancen da ke mulki, a watan Satumba majalisar ministoci ta sauke shi. Wanda ya gaje shi, Hasan Saidu, shi ma an sauke shi a watan Yuli 2017, aka naɗa wakilin gwamnati ya riƙe gari. A 2021 Dogari ya sake hawa da ƙuri'ar konseye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, a watan Afrilu 2024, hukumomin soja suka rushe majalisun ƙananan hukumomi na ƙasa baki ɗaya, har da tamu, aka naɗa masu riƙo. Kowane saukewa yana da dalilin da masu yinsa suka bayar, kuma ba shari'arsu muke yi ba a nan. Abin da muke nunawa shi ne daga 1956 zuwa 2024 wanda ya hau kujerar nan bai taɓa sanin ranar saukarsa ba, kuma sau da yawa ba waɗanda suka aza shi ne suka sauke shi ba.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ƴan'uwa, kuɗin da kuke aikowa gida da wuya kuke samunsa. Wani dako ya yi, wani ga-ruwa, wani gadi, wani ya tsallake hamada da ransa a tafin hannu. Duk sa'ad da aka tara don gyaran fanfo, ko rufin aji, ko magani a likita, tambaya tana tasowa: a hannun wa za a sa, da sunan wa za a yi? Sau da yawa ana cewa mu raɓu da wane, shi ke da faɗa a ji yanzu. Tarihin da muka karanta ya isa amsa. Aikin da aka rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya faɗi tare suke faɗuwa, wanda ya gaje shi kuma ba ya son ƙarasa ginin da ke ɗauke da sunan abokin hamayyarsa. Mu yi aiki da duk wanda ke meri, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, mu girmama shi, mu sa shi ya sa hannu a takarda, amma aikin ya zama na gari, kuɗin ya zauna a asusun ƙungiya, mutum biyu ko uku su riƙe, a rubuta shiga da fita, a karanta a gaban kowa lokacin salla da jama'a suke gida.

Kada wannan ya sa mu raina meri. Da can takardar haihuwa sai an yi tafiya, yaro ya kai jarrabawa a ce ba shi da takarda. Meri ta kawo abin kusa. Mu rubuta ƴaƴanmu da wuri, mata da maza. Mu biya lampo da kuɗin kasuwa mu karɓi takardar shaida, don wanda ya biya shi ke da bakin tambaya. Tambayar ma ba rashin kunya ba ce: nawa aka tara a kasuwa bana, nawa aka kashe, a kan me? Magajin garin da ya saba jin wannan tambaya daga mutanensa ya fi wuyar tuɓewa, don yana da masu shaida. Ranar da aka dawo da zaɓe kuma, mu dubi wanda zai zauna ya yi aikin rijiya da burtali da rumfar kasuwa, mu yi hattara da mai neman tsani.

Akwai kuma maganar sarauta. Jibo ya hau da sarakuna, ya yi faɗa da su, ya faɗi da suka janye. A garinmu sarki da masu gari da limamai da masu ƙuri'a duk rijiya ɗaya suke sha. Rikicin gona da makiyaya ba ya mutuwa sai da sarki, kuɗin aji ba ya fitowa sai da meri. In muka bari ƴan siyasa suka sa su gaba da juna, mu ne za mu kwana da ƙishirwa.

Na ƙarshe, zumunci. Diori da Jibo gari ɗaya, dangi ɗaya, makaranta ɗaya suka yi, siyasa ta raba su har ɗaya ya yi shekara goma sha biyar bai taka ƙasarsu ba, a ƙarshe duka biyu suka ɗanɗani kaso. Jam'iyyun da aka yi gaba saboda su a 1958 yau yaranmu ba su san alamarsu ba. Kada a fasa zuwa suna ko jana'iza saboda takardar ƙuri'a.

Muna roƙon iyayenmu da suka ga zaɓen 1958 da idonsu, ko suka ji daga bakin waɗanda suka gani, su ba mu labarin yadda aka yi a garuruwanmu, wa ya zo, me aka ce, ina aka aje akwati, mu rubuta mu aje wa na baya. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare matafiyanmu, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Wassalam.